Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Jirgin Ruwa da Iyo a Gaɓar Zanzibar

Wasiƙun wannan wata sun karkata kan abu ɗaya, wato yawon yini guda da ake yi a ƙaramin jirgin ruwa a Zanzibar, tsibiran ƙasar Tanzaniya, ana tsayawa nan da can a sauka a yi iyo. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Mu shida ne, da ni da maiɗakina da yara huɗu, za mu je a watan Yuli. Na ce wa mai jirgi ya sa mana ƙarfe tara na safe, sai ya ce lokacin tashi ya danganta da ranar, kuma ba zai tabbatar ba sai ana gobe. Wannan ba rashin tsari ba ne? Sannan wace hanya ta fi dacewa da mai iyali? (Wani magidanci daga Zariya)

Amsa: Alhaji, mai jirgin nan ya san aikinsa. Abu biyu ne ke yanke lokacin tashi, kuma babu wanda ke hannunsa a ciki.

Na farko cikowa da janyewar teku. Sau biyu ruwa ke cikowa a yini da dare, sau biyu yana janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. A Zanzibar bambancin yakan kai mita huɗu, har wurin da jirgi ya wuce da asuba ya zama fili ana takawa da hantsi. Tudun farin yashin nan na tsakiyar teku da kuke gani a hoto, irin su Nakupenda, sai ruwa ya janye suke fitowa. Ba sai ka wahala ba, duba kwanan watan Musulunci. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan cikarsa a ranakun 14 da 15, ruwa ya fi janyewa, kuma da hantsi yake yi, tudun yashi ya fito da faɗinsa. Wajen 7 da 8 ga wata, ko 22 da 23, ruwan ba ya motsi sosai, wani tudun ma da ƙyar zai leƙo. Sai dai ranakun babbar janyewa su ne kuma ruwa ya fi gudu, musamman a awa ta uku da ta huɗu bayan ya juya. Mai yara ya riƙe wannan.

Na biyu iska. Yuli tsakiyar iskar kudu ce da mutanen wurin ke kira kusi, wadda ke kaɗawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi tsakanin Yuni da Agusta. Takwararta ta arewa, kaskazi, tana zuwa daga Disamba zuwa Maris. Cikowar ruwa ana lissafa ta tun shekara guda kafin ranar, amma iska sai an wayi gari kusa. Shi ya sa ya ce ka jira ana gobe. Da safe teku ta fi lafawa, da rana ta take sai igiyar ruwa ta tashi, don haka in an ba ka zaɓi, ɗauki sammako.

Batun hanya, uku ne aka fi bi. Daga Stone Town, tsohon garin Zanzibar, zuwa tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, tafiyar kusan rabin awa ce, a haɗa da Nakupenda. Wannan ta fi sauƙi ga ƙananan yara. Ta biyu daga ƙauyen Fumba take tashi, kudu da gari, a shiga yankin Menai da aka keɓe don kariya tun 1997. Yini guda ce cur: tudun yashi, tsayawa ɗaya ko biyu don kallon kifi, abincin rana a tsibirin Kwale inda wata tsohuwar kuka take, sannan wani tafki cikin itatuwan bakin teku da ba ya shiguwa sai ruwa ya cika. Ta uku Mnemba ce a arewa maso gabas. Ruwanta ya fi haske, kifinta ya fi yawa, amma tsibirin ba a sauka a kansa, komai daga cikin jirgi ake yi, ga cunkoson jirage, ga igiyar ruwa a lokacin kusi. A Yuli da yara huɗu, mu dai ba za mu tura ka Mnemba ba.

Kada kalmar "ƙaramin rukuni" ta ruɗe ka, kowa da yadda yake ƙirga nasa. Tambayi adadi: mutum nawa ne a jirgin har da ma'aikata? Mutum nawa ne daga cikinsu ke shiga ruwa tare da baƙi? Akwai tsani, akwai rumfa? Kuɗin shiga yankin kariya yana cikin farashin ko a can za a karɓa? Ka tura masa nauyin kowane yaro tun yanzu, domin rigar ceto ta yara da nauyi ake auna ta, kuma jirage da yawa ta manya kawai suke ajiyewa. Idan kun iso kuka tarar mutane sun fi kujeru yawa, ku fasa. Lodin wuce kima da ke kifar da kwale-kwale a kogin Neja shi ne ya nutsar da jirgin fasinja Spice Islander tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, a Satumban 2011.

Abu na ƙarshe: in ya ce maka "saa tatu asubuhi", ba ƙarfe uku yake nufi ba. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, sa'a uku ta safe ita ce ƙarfe tara. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Tambaya: Ban iya iyo ba ko kaɗan, amma ina sha'awar in shiga ruwan in ga kifi. Zai yiwu? Kuma zan iya shiga da abayata? (Wata 'yar kasuwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, zai yiwu, amma ban da abaya. Abaya da dogon hijabi suna buɗewa a ruwa kamar lema, su naɗe ƙafafu, wani lokaci hijabin ya taso ya rufe fuska daidai lokacin da ake neman numfashi. Inda suka fi cutarwa ma wajen hawa tsani ne: yadin ya sha ruwa ya yi nauyi, ki taka gefensa, ki koma baya. Ki sayi kayan iyo na mata masu rufe jiki, doguwar riga da wando da hular da ke kama kai, na yadin roba mai saurin bushewa. Ki duba wanda yake da igiya ko maɓallin ɗaure rigar da wandon, don kada ruwa ya ɗaga ta. Abayar ta jira ki a jirgi, kina fitowa ki zura. Zanzibar ƙasar Musulmi ce, babu wanda zai yi miki kallon baƙon abu.

Rigar ceto kuma iri-iri ce, akwai lamba a jikinta. Mai lamba 50N taimako kawai take yi wa wanda ya iya iyo, ba ta juya mutum fuska sama. Wanda bai iya ba ya nemi 100N zuwa sama, mai abin tallafe wuya. In kin sa, ki ɗaure duk maɗaurai har da wanda ke bi ta tsakanin ƙafafu, sannan wata ta kama kafaɗun rigar ta ja sama. Idan ta haura har kunnuwanki, ta yi miki yawa, a ruwa ma haka za ta yi, ki nemi canji.

Ga yadda za ki shiga. Fara a tudun yashi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ki kwanta rigingine ki ji yadda rigar ke ɗauke ki. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, don haka ya fi ruwan kogi ɗaga mutum. Abin da ke firgita sabon shiga ba nutsewa ba ce, ƙwarewa ce: ruwan gishiri ya shiga maƙoshi, tari ya sarƙe, mutum ya fara fafutuka. In haka ta faru, juya bayanki ga igiyar ruwa, kwanta rigingine, yi tarinki har ya wuce.

A wuri mai zurfi, kada ki sauka sai an kashe inji kin ji shiru, farfela ba ta san baƙo ba. Ki sauka ta tsani, fuskarki na kallon jirgi, ba tsalle ba. Ma'aikaci ɗaya ya riga ki shiga da tayar ceto mai igiya, ki riƙe ta, shi ya ja ki. Idan babu mai shiga tare da ke, ki zauna a jirgi. Wajen fitowa, mutum ɗaya ne a kan tsani, na baya ya ja gefe, kada ya tsaya ƙarƙashin mai hawa.

Waɗanda suka iya iyo a cikinku su fara da fuskantar inda ruwa ke fitowa, su dawo yana turo su. Masu yin akasin haka su ne ke waiwayowa su ga jirgi ya yi nisa, ƙarfi kuma ya ƙare.

Tambaya: Ko a mota nakan yi jiri da amai. Me zan sha? (Wani ɗalibi daga Kumasi)

Amsa: Ɗan'uwa, maganin jirin tafiya kafin a hau ake shan sa. Da zarar tashin zuciya ya fara, ciki ba ya karɓar ƙwaya yadda ya kamata. Stugeron awa biyu kafin tashi ake sha, Dramamine rabin awa zuwa awa guda. Dukansu suna sa barci, Phenergan ya fi su, kuma barci da iyo ba sa haɗuwa. Ka gwada maganin a gida kwana biyu kafin ranar ka ga yadda yake maka, kuma duk ranar da ka sha kada ka shiga ruwa ba rigar ceto. Mai juna biyu, da yara, da mai shan wani magani kullum, su tambayi likita tukuna.

Jirin yana zuwa ne saboda kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma yana kallon abin da ke tsaye. Don haka ajiye waya, zauna a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, nesa da hayaƙin inji, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Karya da abu marar maiƙo, kada ka hau da yunwa. Citta tana taimaka wa wasu. Lokacin da jirgi ya tsaya yana rangaji a wuri ɗaya ya fi tafiya tayar da zuciya, sau da yawa shiga ruwan ya fi zama a ciki. In amai ya zo, nufi gefen da iska ke tafiya, ba inda take fitowa ba.

Tambaya: Ya halatta in yi alwala da ruwan teku? A ina ake sallar Azahar a irin wannan yawo? (Wani malamin makaranta daga Garwa)

Amsa: Malam, ya halatta. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da teku ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Azahar takan riske ku a wurin abincin rana, a kan tsibiri ko tudun yashi, sai ka shimfiɗa ƙaramar darduma can sama da inda ruwa ya yi shaida. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla. Mun saba da gabas, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa za ka fuskanta. Ka tambayi nahodha, wato shugaban jirgin, zai nuna maka. Idan jirgin haɗaka ne da Turawa, akan raba giya a wasu, ka tambaya tun wajen biyan kuɗi.

Tambaya: An ce gilashin kallon ƙarƙashin ruwa ba ya zama a fuskar mai gemu. Gaskiya ne? Me kuma ya kamata in riƙa a jaka? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Gemu ba ruwansa, gashin baki ne ke hana robar kama fata a ƙarƙashin hanci. Rage shi kaɗan daga sama, ko ka shafa masa man Vaseline. Don gwada gilashi, ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ja iska ta hanci. In ya manne, naka ne. Matse maɗauri da ƙarfi ba ya hana yoyo, lanƙwasa robar yake yi ya ƙara shi. In yana yin hazo, shafa yawu a cikin gilashin tun yana bushe, ɗauraye sau ɗaya, sa nan take. Ruwan da ya shiga bututun numfashi kuma da hurawa ɗaya mai ƙarfi ake fitar da shi.

A jaka, takalmin roba mai rufe ƙafa shi ne kan gaba. A Fumba in ruwa ya janye, da ƙafa ake takawa zuwa jirgi, ƙasan kuwa akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya. Ƙayarta karyewa take a cikin fata. In an taka, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafin da za a iya jurewa na rabin awa ko fiye, a cire waɗanda suka leƙo da hantsaki, kada a haƙa da allura. Wadda ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja, sai asibiti. Murjani, halittar nan mai kama da dutse a ƙasan teku, kuma ba a taka shi, yana mutuwa, yana kuma yanka, yankan nasa yana saurin ruruwa in ba a wanke da sabulu da ruwa mai daɗi ba.

Sai ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, da man kare rana mai lamba 30 zuwa sama, a shafa minti 20 kafin fita, a sake bayan kowane iyo. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman ƙeya da bayan ƙafafu, su ne ke kallon sama lokacin da mutum ya kifa yana kallon kifi. Waya ta shiga jakar roba mai rufewa da igiyar rataya, ko da an rubuta cewa ba ta jin ruwa, domin da ruwa mai daɗi ake yin gwajin. Kafin ranar, ka sa takarda a jakar ka nutsar da ita a bokiti na rabin awa, in takardar ta fito a bushe sannan ka ba ta amanar wayarka.