Batirin jirgina ba ya riƙe caji, in sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina jigilar fasinja da kaya a kogin Kwara, daga Yawuri zuwa ƙauyukan tsallake. Na ɗora batir mai bolt 12 da faifan sola ɗaya a jirgi, da su nake kunna fitila, in yi cajin wayata da ta fasinja. Kwanan nan ko isha'i ba ya kaiwa ya mutu, waya kuma ta kama caji ta saki. Mai shago ya ce in sayi sabo.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Mai shago batir yake sayarwa, me kake so ya ce? Riƙe kuɗinka tukuna, ka aro mitar auna wuta wurin mai gyaran wutar mota.

Da asuba, kafin rana ta taɓa faifan, ka kashe komai ka auna. Bolt 12.6 batir a cike yake, 12.2 kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ya galabaita. Ka sake aunawa da rana tsaka. Idan caji na shiga, za ka ga tsakanin 13.5 da 14.4. In lambar ta tsaya inda take tun asuba, batirin yunwa yake ji kawai, laifin yana hanya.

A jirgi kuwa hanyar ce ta fi lalacewa, saboda laima ba ta barin ƙarfe ya huta. Duba kawunan batirin. Ka ga wani gari fari ko kore-kore ya taru kamar an barbaɗa gishiri? Shi ke tare wuta. Cire baƙar wayar batirin tukuna, sannan jar. Jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, ka goge da tsohon burushin haƙori, za ka ga yana kumfa. Kar dai ruwan ya shiga ramukan batirin. In ya bushe ka ɗaure tamau, ka shafa basilin. Daga nan ka fere ɗan robar wayar. Jan ƙarfen ciki in ya yi baƙi, wayar ta ruɓe daga ciki ko da bayanta na ƙyalli, sai canji. Duba fiyus ma, shi ne mafi arha kuma shi aka fi mantawa.

Faifan sola, in ka raba shi da kwantirola (na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir) ka auna a rana, ya kamata ya ba da bolt 18 zuwa 22. Wajen mayarwa, batir ake fara haɗawa da kwantirola kafin faifai.

Ba ka faɗi ko injin ma yana caji ba. In yana yi, kada ka kuskura ka cire batir inji na aiki, rektifaya, wato na'urar da ke mai da wutar inji ta cajin batir, za ka ƙona.

To idan da rana ya haura 14 da sauri, da yamma fitila ɗaya ta sauke shi ƙasa da 12, mai shago ya yi gaskiya. Sai ka nemi irin na sola, don na mota ba a yi shi don a riƙa tsotse shi kullum ba. Batir mai ramuka in ruwansa ya ja, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ban da na kogi. Kuma ka raba shi da jarkar fetur, tartsatsi ɗaya ya isa.

Wayar salular da ke kama caji tana saki kuwa, gwada wata igiyar caji da wani kai. Ramin cajin in ya sha feshin ruwa, ka bar shi ya bushe a iska kafin ka soka.