Amsa ga mai tambayar bigudin kwana

Wa alaikis salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya sai yanzu na samu zama. Kin ce fer, ƙarfen gyaran gashi mai zafi, ya cinye maki bakin gashi shi ya sa kika bar shi, kin sayo bigudi, abin naɗa gashi, na soso kin kwana da su, da safe naɗin ya yi kyau amma kafin azahar ya sake kamar ba a yi komi ba, ga ciwon kai da kika tashi da shi, kuma bikin ƙanwarki ya matso. Na karanta amsoshin ƴan uwa, wasu sun ce ki ƙara jel wasu sun ce gashinmu ba ya riƙe bukul, wato lanƙwasar naɗi, sai da wuta. Ni dai ban yarda da ko guda ba. Na daɗe ina yi ma kaina da ɗiyana mata, kuma wanga abin da kika faɗa alamar abu ɗaya ce, gashin bai gama bushewa ba kika kwance shi.

Gashi kamar kaba yake, masu saƙar tabarma sai sun jiƙa ta take lanƙwasuwa, in ta bushe ta tsaya yadda aka bar ta. Ruwa ke sassauta shi, bushewa ke kama shi. To in kika zare bigudi da sauran danshi a ciki, zai ƙarasa bushewa ne a sake, kuma yadda ya bushe haka zai zauna har sai ya sake ganin ruwa. Abin da ke ruɗin mutane na waje yana bushewa da wuri, ki taɓa ki ji garau, amma na can ciki da ya zagaye bigudin sau uku sau huɗu yana nan da laima. Ki kwance guda daga tsakiyar kai inda ya fi cika, ki ɗora shi a bayan hannunki, in kin ji sanyi sanyi wallahi bai bushe ba, ki mayar.

Shi ya sa ni ba na naɗawa a jiƙe sharkaf. Nakan wanke kai tun bayan la'asar, da yoɗo ko shampo duk wanda ke hannu, yoɗo dai ya fi mani don santsinsa na sa mashaci ya wuce ba tsinkewa. In tsane ruwan da tsohuwar rigar auduga, in bar shi ya sha iska har ya zama danshi kawai, irin wanda in kin matse ba abin da zai ɗiga. Sannan in sa ɗan kirim mai laushi da mus, kumfar gyaran gashi, kaɗan. Man kaɗe ki narka ɗan mitsitsi a tafin hannu ki shafa a bakin gashi kaɗai, kar ki labta, mai in ya yi yawa yana rufe ruwan a ciki ya hana shi fita, kuma nauyinsa ke janyo bukul ɗin ƙasa. Basilin da man shanu ki ajiye su sai ranar kitso. Jel kuma in ya yi yawa farin gari zai yi maki a kai ranar biki.

Ki lura da lokaci sosai don mu akwai alwala a lissafinmu. In kika bari sai sha ɗayan dare kika fara, ki gama sha biyu, kafin kiran asuba awa biyar ko shida ke nan, ba ta isa. Ni ina idar da isha'i nake zama, wani lokacin ma in riƙe alwalar magariba in fara tun da wuri. Da asuba in kwance in yi shafar kai da hannu mai laima ba mai zubar ruwa ba, in an yi salla na ga na gaba ya ɗan saki sai in mayar da bigudi uku ko huɗu a wurin har in gama aikin safe. Gashi mai cika yana son awa takwas zuwa sama.

Wajen naɗin kansa, ki tsaga kan gida huɗu ki kama da roba, sai ki riƙa ɗiba kaɗan kaɗan. Faɗin abin da kika ɗiba kar ya wuce tsawon bigudin, kaurinsa kuma kamar ɗan yatsa. Yawanci nan ake ɓata aiki, mace ta gaji ta kwashi tuli guda ta naɗe don ta gama da wuri, shi ne ba ya bushewa. Ki shace kowane kashi daga ƙasa zuwa sama, ki lafe bakin gashin a jikin bigudin sumul ki zagaya shi sau biyu ya danne kansa kafin ki hau sama. Bakin nan in ya tanƙware haka zai fito kamar ƙugiya kuma ba gyara sai an sake jiƙawa. Ki ja da ɗan ƙarfi don ya miƙe amma da kin iso fatar kai ki sassauta, ciwon kan da kika ji daga ɗaurin ne. Gaban goshi da gefen kunne kuwa don Allah ki tausaya masu, gashin wurin ba shi da ƙwari, mata nawa muka gani goshinsu ya zarce baya saboda ja.

Maganar irin bigudi. Na soso tsirara da kika saya yana da daɗin kwana amma yana shanye laimar gashi kuma yana kama shi, in za ki ci gaba da su ki naɗe kowane da ɗan ƙyallen satin. Masu ƙaya ƙaya da ke mannewa da kansu kar ki kusance su in gashinki na asali ne, sai kin yi kuka wajen cirewa. Waɗanda na fi so su ne dogayen nan masu waya a ciki da ake lanƙwasawa, ana samunsu wajen masu saida mesh da kayan salon a Babbar Kasuwar Yamai, na taɓa ganinsu a kasuwar Wadata ma. Siriri yana ba da ƙananan bukul masu daɗewa, mai kauri yana ba da manya masu saurin saki. Ki taɓa bakinsu kafin ki biya, wanda wayar ta leƙo waje ki bar masu abinsu. In kuɗi sun yi wuya ki je wajen telanki ki roƙi ragowar satin, ki yanka dogaye kamar faɗin yatsa biyu, ki naɗe gashin a jiki ki ƙulle. Wannan ya fi komi daɗin barci don ba abin da zai tokare ki.

Ba ki faɗa mana ba ko kin sa defrizan, maganin miƙar da gashi, ko na asali ne. In mai defrizan ne yana kama naɗi da sauƙi sai dai yana da rauni in ya jiƙe, a bi shi a hankali. In na asali ne mai ƙanƙancewa, ki fara yi masa kitson zare ko manyan kalaba kwana guda ya miƙe, washegari ki fesa ruwa kaɗan ki naɗa. Haka bukul ɗin ke fita da tsawo da sheƙi, ba tare da fer ɗin da ke kai digiri 200 da wani abu a kan gashin mutum ba.

Wajen kwanciya ki jera bigudin su fi yawa a saman kai, ki rage na ƙeya da gefen da kike kwantawa, ki ɗaura kallabin satin sako sako, ba na auduga ba. Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu nan da nan yake bushewa, matsalar ƙura ce da karyewa, ki ƙara kirim ki rufe kai. Watan huɗu da na biyar da zafin Yamai ke wuce digiri 40 gumi ne abokin gaba, in kuran ya ɗauke fanka ta tsaya, gindin gashin zai jiƙe ki tashi sama ya naɗu ƙasa ya kumbura, gara ki shimfiɗa a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Da damina kuwa musamman watan takwas, iskar kanta akwai laima, ko kin yi daidai ba zai kai yadda yake kaiwa da rani ba, ki yi amfani da sirara.

In za ki kwance ki shafa ɗigon mai a yatsu, ki warware ta hanyar da kika naɗa, kar ki fizge. Mashaci ya yi nesa, da yatsa za ki raba kowane bukul gida biyu ko uku, ki ɗaga gindin kaɗan da tsinke. Tunda fita za ki yi da lulluɓi, ki tattara shi sama da roba mai taushi ki sa hular satin a ƙarƙashi, ɗaurin kallabi mai tsauri ki bari sai kin shiga cikin mata kin ga yadda za ki fito da shi.

Kar ki bari sai daren biki ki gwada, ki yi gwaji satin nan ki ga awa nawa naki ke ɗauka. Ki faɗo mani tsawonsa da ko akwai defrizan in gaya maki kaurin bigudin da za ki nema. Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya.