Na kabon ko na ƙarfe: amsa ga mai shirin doguwar tafiya a kan keke

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a fita lafiya a dawo lafiya. Ka ce kana shirin fara tafiyar kwanaki a kan keke da kaya ɗaure a jikinsa, za ka fara da gangarowa daga Jos zuwa Bauchi ta hanyoyin ƙauye, in jiki ya saba kuma ka nufi tsaunin Mambila na jihar Taraba. Ka sami kekunan burji biyu, wato waɗanda aka ƙera domin hanyar da ba kwalta, a wajen masu gwanjo, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko na kabon ne, wato zaren kabon da aka daskarar da danƙo, mara nauyi, tayar da yake ɗauka ba ta wuce faɗin milimita 38, farantin sarƙa ɗaya gare shi a gaba mai haƙora 40, ga birkin mai. Na biyun na ƙarfe ne, ya fi wancan nauyi da kilo biyu, yana ɗaukar taya har milimita 50, faranti biyu a gaba, birkin waya. Kana tambayar wanne za ka ɗauka.

Ni dai na ƙarfen zan ɗauka, muddin girmansa ya yi daidai da jikinka. Ba don na kabon ba shi da kyau ba, keke ne mai daɗin hawa ƙwarai. Sai dai an ƙera shi ne domin wani aiki daban. Irinsa ake hawa a tseren Unbound da ake yi a Kansas ta Amurka tun 2006, inda mutum zai yi mil 200 a yini ɗaya, ba tukunya ba bargo, ga masu jiransa da ruwa da kayan gyara a zango. Kai kuwa za ka kwana a hanya, kuma duk abin da ya lalace, ko dai ka gyara da hannunka ko mai gyaran keken ƙauyen da ka fi kusa da shi ya gyara. Ranar da hanya ta fi muni ita za ka sa a ranka lokacin zaɓe, domin a rana mai daɗi kowane keke yana tafiya.

Ka fara da taya, ita ce rabin maganar. Hanyoyinmu na burji ba iri ɗaya ba ne ko a cikin yini guda. Da safe kana kan jar ƙasa mai tauri, kafin azahar ka faɗa gargadar da motocin kasuwa suka bari, kana jijjiga kamar ana tankaɗe ka a rariya, can gaba kuma ga yashi a bakin rafi. Taya mai milimita 38 da aka ɗora wa kaya dole ka cika mata iska sosai don kada dutse ya daki rim, da zarar ta yi tauri kuma duk wata gargada a wuyan hannunka da ƙugunka za ta ƙare, ta riƙa nutsewa a yashi. Mai 45 zuwa 50 tana barinka ka rage iska, ta shimfiɗu a ƙasa, ta shanye duka. A kan kwalta za ka ɗan ji ta fi jan ƙafa, amma abin bai kai yadda ake faɗa ba. Ka duba masu tseren Tour Divide, daga Banff ta Kanada zuwa iyakar Amurka da Meziko, fiye da kilomita 4,000, kowa ɗauke da kayansa. Mutane ne masu ƙirga kowane giram, amma galibinsu da tayar inci biyu zuwa sama suke fita.

Kada kuma ka cika gurbin tayar fam. In firam ya ce 50, ka saka 45, ka bar wa laka hanya ta kowane gefe. Da damina akwai laka mai danƙo da take naɗe taya har wili ya ƙi juyawa, kuma tsakuwar da ke cikinta tana cin jikin firam a hankali. A ƙarfe fenti za ta kankare. A kabon kuwa jikin keken take ci, ba za ka sani ba sai ka wanke. Ko a can Kansas ɗin, a tseren 2023 laka ta sa mutane da yawa saɓa kekunansu a kafaɗa, wasu a nan tserensu ya ƙare.

Sai ƙaya. Wanda ya taɓa ajiye keke a gindin aduwa ko bagaruwa, ko ya ratsa fili mai tsidau, ya san abin da nake nufi. Ka tabbatar rim ɗin keken yana karɓar taya tubles, wato mara tif a ciki, ka zuba ruwan toshe huda. Na sha tsayawa da yamma ina zare tsidau daga taya ɗaya bayan ɗaya, kowanne na cire sai farin ruwan ya ɗan tsatso, ya yi kumfa, in juya wilin sau biyu ya toshe, iska ko ta ragu kaɗan ce. Da tif ne a ciki, da faci za a wuni ana yi. Amma zafinmu yana busar da ruwan nan da wuri, wata biyu zuwa uku ka duba, ka ƙara kafin kowace tafiya. Duk da haka ka riƙe tif biyu a jaka. Ranar da taya ta yage ka koma tif, ka bi cikinta da yatsa a hankali ka cire tsofaffin ƙayoyin da suka maƙale, in ba haka ba sabon tif ɗin ba zai kai kilomita ɗaya ba.

Akwai wani abu game da girman wili da ba kasafai ake gaya wa mutum ba sai ya gani da idonsa. Wilin keken burji 700c ne, wato faɗin da'irar rim ɗinsa milimita 622. Tayar da za ka tarar rataye a rumfar mai gyaran keke a ƙauye kuwa galibi ta tsofaffin kekunanmu ce irin su Phoenix da Raleigh, mai inci 28, ita kuma 635 ce, ko ta inci 26 mai 559. Na ga wani dattijo mai gyara a wata kasuwar ƙauye ya ɗauko sabuwar taya 28 don abokin tafiyarmu da tasa ta yage. Ya ɗora ta a rim, ta shige ba ko gardama, ya juya ta, ya sake juyawa, sai lilo take yi, babu inda ta kama. Ƙarshe da allura da zaren ɗinkin buhu ya ɗinke tsohuwar, ya shimfiɗa guntun tsohuwar taya daga ciki, da ita muka ƙarasa gari. Don haka ka tafi da taya ɗaya mai naɗewa in tafiyar ta wuce kwana uku. Tif ɗin keken dutse mai inci 29 yana shiga rim ɗinka, girmansu ɗaya, ana samunsa a manyan garuruwa. Ka kuma saka ɗan ƙaramin adafta na bakin iska a aljihu, domin siririn bakin iskan kekenka ba ya shiga tiyon falkanaiza. In zai ba ka iska ka tsaya a kansa, injinsa na mota ne.

Na biyu giya. Nan ne na kabon ɗin zai fi ba ka wahala. Faranti 40 a gaba, in babban haƙorin baya 42 ne kamar yadda aka saba haɗa su, kowane zagayen feda zai tura ka wajen mita 2.1. Na ƙarfen, in irin haɗin giyar GRX na kamfanin Shimano ne mai 46 da 30 a gaba da 36 a baya, zagaye ɗaya wajen mita 1.8 ne. A takarda bambancin kamar ba komai, amma a ƙafa, da kilo goma sha bakwai na kaya da ruwa, shi ne tsakanin hawa kana zaune da sauka kana turawa. Tafiyarka ta farko ba za ta nuna maka wannan sosai ba, tunda Jos tana kan tsayin mita 1,200 da wani abu, Bauchi kuwa wajen 600, yawanci gangara ce duk da ba a rasa tudu. Mambila ce za ta nuna maka. Daga Mayo Selbe hanya take miƙewa sama tana lanƙwasa, ka hau saman da ya kai wajen mita 1,600, kuma ko ka hau, tsakanin Maisamari da Nguroje da Gembu hawa da sauka ne ba hutu. A can ba wanda ya taɓa kukan giyarsa ta yi laushi da yawa. In ka ga hali ma ka ƙara sassauta ta. Gwiwa ba ta da kayan gyara a kasuwa.

Batun nauyin kilo biyu da ke damunka, ka yi lissafi. Kai kanka a ce kilo 70, keke 12, kaya 12, ruwa lita biyar kilo biyar. An doshi kilo 100. Kilo biyu a ciki kashi biyu ne cikin ɗari, nauyin ruwa lita biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda za ka ɗaura ruwan. Ka ƙirga ramukan kusoshi a jikin firam: biyu a cikin kusurwar firam, ɗaya a ƙarƙashi, uku-uku a kowane gefen cokalin gaba, da na ɗaura kariya, wato mazaunin kaya, a baya. A watan Maris da Afrilu lita biyu ba ta kai ka ko'ina, kuma ba kowane ƙauye ne za ka sami burtsatse yana aiki ba.

Ina son kariya, ko da yake yanzu yayin jakar ƙarƙashin sirdi ake yi. Jakar tana buƙatar sarari kusan santimita 20 tsakanin sirdi da taya, gajeren mutum bai cika samunsa ba, tana kuma kaɗawa in ka miƙe tsaye a kan feda. Kariya kuwa ko kankana ka saya a hanya za ka ɗaure ta da roba. Kaya masu nauyi, kamar kayan gyara da abinci, su zauna a jakar tsakiyar firam, masu sauƙi irin gidan sauro da bargo su tafi gaba da baya.

Gyara shi ne dalilina na uku, kuma shi ya sa nake karkata ga ƙarfe a ƙasarmu. Kunnen kariya in ya ɓalle, ko firam ya tsage kusa da wilin baya, mai walda na gas zai iya kama maka shi ka isa gida. Ba zai yi kyau ba, siririn bututu ne, sai ka roƙe shi ya bi a hankali kada ya ƙona, amma za ka tafi. Aluminiyam sai mai walda na musamman, kabon kuwa sai dai a ɗora a mota. Ga kuma matsalar gwanjo: keken kabon da ya sha matsi a kwantena yana iya samun rauni a ciki fenti bai nuna ba. Haka birki. Na mai ya fi kamawa, ya fi sauƙi a yatsu a doguwar gangara, wannan gaskiya ne, kuma bai cika lalacewa ba. Amma ranar da tiyonsa ya fashe babu mai taɓa maka shi a ƙauye, kuma in na Shimano ne, man birkin mota yana lalata robobinsa. Na waya kuwa, waya ɗaya a jaka da makulli sun isa. Ka dai riƙe takalman birki na ajiya, saukowa daga Mambila da kaya tana cinye su.

Duk wanda ka saya, ka nemi hangarsa tun kafin ka fita, wato ɗan ƙarfen nan da na'urar sauya giya ta baya take rataye a jikinsa. An yi shi ne ya karye don firam ya tsira, kuma galibi kowane keke da irin nasa, ba a cika aro ba. Ka haɗa da mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyarka da wayoyin wili uku ko huɗu masu tsawon naka. Wili mai wayoyi 32 ya fi mai 24 jure kaya. Da hunturu kada ka bari a shafa wa sarƙarka baƙin mai, ƙura yake kamawa ya zama abin da zai cinye haƙora, ka goge ta kullum da tsumma ka ɗiga mai mara danƙo.

Duk wannan bayani ya rushe in keken bai yi maka daidai ba. Yini na uku a kan sirdi, abin da ya ɗan dame ka a gwajin minti goma ya zama ciwo. Ka hau na ƙarfen, ka riƙe kan a inda birki yake: ya kamata gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, wuyanka bai miƙe ba, kan kuma ya yi kusan tsayi ɗaya da sirdi. Ka juya kan sosai ka ga ko yatsan ƙafarka yana taɓa tayar gaba. Tunda na hannu ne, ka kwance kusar sandar sirdi ka tabbatar tana motsi, domin a tsohon firam na ƙarfe takan manne har abada. Ka haska fitila a duk mahaɗar walda, ka leƙa cikin bututun ka ga yawan tsatsa, ka ɗaga wili ka juya ka saurari boris.

In kuwa wata rana zuciyarka ta raya maka yin arewa, wajen Yusufari ko bayan Damagaram inda rairayi yake da zurfi, duka biyun ba za su yi ba, sai keken dutse mai ƙatuwar taya.

Game da hanyar kanta, ka san halin tsaro da ake ciki. Ka tambayi direbobin tasha da 'yan acaɓa labarin gaba kowace safiya, kada magariba ta same ka a daji, in ka isa gari ka fara da gaida mai gari ka nemi masauki a hannunsa. In da hali ku zama biyu.

Kafin ka biya kuɗi, ka turo mana tsayinka, da tsawon ƙafarka daga ƙasa zuwa cinya, da lambar girman da ke jikin firam ɗin ƙarfen, da hoton haƙoran baya daga kusa. Akwai masu irin wannan keken a cikinmu mahaya keke da ke zaune a Jos, ba za a rasa wanda zai raka ka ya duba maka ba in sha Allah.