Ga ɗan'uwanmu da aka yi wa tallan agogon Rolex Submariner ba kwali ba takardu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Wai Submariner ne na hannu daga Landan, kwali da katin garanti sun ɓace wajen ƙaura, za a sayar maka a rabin kuɗinsa. Wallahi kusan haka aka karanta min ni ma. Don Allah kar ka tura ko kwabo tukuna.

Wanda ya cuce ni ba baƙo ba ne. Masallacinmu ɗaya, ya ci tuwo a gidana, yarana Kawu suke ce masa. Rolex samfurin Datejust ya kawo min, ga nauyi, ga ƙyalli, har ɗan kambin nan da Rolex ke zanawa a gilashi daidai ƙarfe shida yana nan. Na ɗaura zuwa ɗaurin aure, ana ta sa albarka. Da ya fara gudu fiye da ƙima na kai wa mai gyara. Dattijon ya buɗe bayan, ya maƙala madubinsa a ido, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Alhaji, nawa ka saya?" Ina faɗa ya cire madubin ya yi salati. Injin jabu ne. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, a kan bencin shagon na zauna ina gumi. Na kira mutumin, buɗar bakinsa sai ya ce ai shi ma haka aka sayar masa. Ko haƙuri bai ba ni ba har yau, kuma sahun gaba yake tsayawa, mu gaisa yana murmushi. Wannan ya fi asarar kuɗin ci min rai.

Jabun yanzu ba irin na da ba ne. Lambar siriyal, madubin kwanan wata, har katin garantin ma bugawa suke, don haka hoto a WhatsApp ba hujja ba ne. A buɗe agogon a gabanka, wajen mai gyaran da kai ka zaɓa, ba na mai sayarwar ba. Kuma Submariner da mutane ke zaman jira a shagunan Rolex kafin su samu, wa zai sayar maka da shi rabin kuɗi? Ko da farashin na hannu ya sauko bayan tashin da ya yi a 2022, bai kai nan ba.

In kana zuwa Dubai, kamfanin Ahmed Seddiqi ne dillalan Rolex na hukuma, a Legas kuma kamfanin Polo. Sabo yana zuwa da garantin shekara 5, kuma tun ƙarshen 2022 Rolex na da tsarin sayar da na hannu da suka tantance da kansu. In kuɗin bai kai ba, Tudor ɗan gidansu ne, ga Omega. Iyayenmu ma Rado suka ɗaura, mutuncinsu bai ragu ba.

Ka kuma kula da agogo mai ruwa biyu, wato ƙarfe haɗe da zinare, don zinare ne na gaske a jikinsa, ka san hukuncinsa ga namiji. Na ƙarfe zalla ya fi kwanciyar hankali.

Ka kira mai agogon yau ka ce za ku je a buɗe kafin ka biya, sannan ka dawo ka gaya mana abin da ya ce.