Amsa: Zan iya tafiya Jamus da kyanwata nan da wata biyu?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce maigida ya samu aiki a Jamus, za ku tashi nan da wata biyu, kuma yara sun kafe ba za su bar kyanwarsu ba. Gaskiya ɗaya ce: wata biyu ba zai isa ba. Ni ma na ɗauka zai isa lokacin da muka koma, amma sai da kyanwarmu Mage ta yi zaman jira a gidan ƙanwata kafin ta biyo mu.

Matsalar duk ta ciwon haukan kare ce. Tarayyar Turai ba ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta yarda sun shawo kan cutar ba, don haka allurar rigakafi kaɗai ba ta wadatar, sai an gwada jinin dabbar. Ga yadda lissafin yake. Da farko likitan dabbobi zai sa mata cip, 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa da ake turawa ƙarƙashin fatar wuya, mai lamba 15. Bayan nan ne ake yin allurar haukan kare, kuma sai kyanwa ta kai mako 12 da haihuwa. A nan na yi ɓatan kai. Tawa an daɗe da yi mata allura, katinta ma yana hannuna, amma cip ɗin daga baya aka sa. Aka ce allurar ba ta ƙirgu ba, tunda babu shaidar cewa wannan kyanwar aka yi wa. Dole muka sake daga farko. Ranar na yi takaici ba kaɗan ba.

Bayan allura ki jira aƙalla kwana 30 kafin a ɗebi jini. Jinin kuma ba kowane asibiti ake kai wa ba, sai ɗakin gwaji da Turai ta amince da shi. Namu waje aka aika da shi a cikin ƙanƙara. Sakamakon dole ya kai 0.5 IU/ml, wato ma'aunin ƙarfin rigakafin da ke cikin jinin. Sannan ki ƙirga wata uku cur daga ranar da aka ɗebi jinin, ba ranar da sakamako ya fito ba. Kin ga wata huɗu ke nan, in komai ya tafi daidai.

Takardun ƙarshe ba su da wahala, lokaci ne kawai. Takardar lafiya irin ta Turai, likitan gwamnati ne ke sa hannu, kuma kada ta wuce kwana 10 kafin ku sauka. Sai izinin fitar da dabba daga hukumomin tarayya, jami'an NAQS, wato hukumar Najeriya mai duba lafiyar dabbobi da tsirrai masu shige da fice, kuma za su duba a filin jirgi.

Ki kira kamfanin jirgi tun kafin ki sayi tikiti, domin suna ƙayyade yawan dabbobi a kowane jirgi. Da yawansu suna barin kyanwa ta shiga ciki tare da ke idan ita da jakarta ba su wuce kilo 8 ba. Ingila dai ba haka ba ne, can a matsayin kaya dabba ke shiga, na faɗa ne saboda masu karantawa. Kada ki ba ta maganin barci, ko da wani ya ba ki shawara. A sama yana iya taɓa numfashinta. Abin da ya fi shi ne ki ajiye jakar a falo tun yanzu, ki riƙa zuba mata abinci a ciki har ta saba.

A filin jirgin Frankfurt da ke Jamus ta jar ƙofar kwastan za ki bi, wato ta masu kayan da za su bayyana, su ɗora na'ura a wuyanta su gwada lambar da ta takarda. Namu bai kai minti goma ba. Mage kuwa kwana uku ta yi a ƙarƙashin gado ba ta kula kowa.