Wai allurar gwiwa suga ce, Hajiya kuma tana da ciwon suga

Tambaya: Salam. Dan Allah mahaifiyarmu ce gwiwa ta matsa mata, sallah ma sai a kujera, likita ya ce za a yi mata allurar hyaluronic acid a cikin gwiwar, sai ƙanena ya duba waya ya ce wai ai suga ce, ita kuma shekara 8 tana fama da ciwon suga. Kar garin neman gira mu rasa ido.
Maman Abba, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanen naki bai yi ƙarya ba, amma fa ba sugan shayi ba ne. Wannan ƙwayoyin suga ne da aka jera su doguwar sarƙa, yauƙi gare shi kamar miyar kuɓewa, kuma tun asali yana cikin ruwan gwiwarki da fatarki. A idon saniya ma wasu masana kimiyya, Karl Meyer da John Palmer, suka fara gano shi, a Amurka a 1934.

Aikinsa ya wuce sa gaɓa santsi. In sarƙar tana da tsawonta kwantar da kumburi take yi, amma da zarar rauni ko ciwo ya daddatsa ta, guntayen nan sai su zama kamar ihun ɓarawo a unguwa, sojojin jiki su yi ca a wurin, shi ne za ki ga gwiwa ta kumbura ta ɗau zafi. Akwai ɗan'uwansa heparan sulfate da ke shimfiɗe a bangon jijiyoyin jini, shi ke riƙe ƙananan furotin masu kiran fararen ƙwayoyin jini don kar jini ya tafi da su, ya tsaida su daidai inda ake nema, kamar ɗan kamasho a tashar Kawo yana nuna wa fasinja mota.

To allurar ba a san ta da tada sugan jini ba. Sai dai ban so ki sa rai da yawa, wasu suna samun sauƙi na 'yan watanni, wasu ko a jikinsu.

Wadda za ki sa wa ido ita ce ɗayar allurar gwiwar, ta steroid (maganin rage kumburi), ita kam tana iya ɗaga suga na 'yan kwanaki. Ki tambayi likita ƙarara wacce zai yi mata, ki gaya masa magungunan da take sha, in an yi kuma a riƙa gwada sugan nata safe da yamma a satin farko.