Farfesa a kan dandamali: anya ba zubar da girma ba ne?

Tambaya: Malam, ɗana ya samu gurbin karatu a sashen wasan kwaikwayo. Ya ce mini wani malaminsu farfesa ne, amma shi ke rubuta wasan, shi ke ba da umarni, har ya sa kayan wasa ya fito tare da ɗalibai. Anya wannan ba zubar da girma ba ne? Kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, ina ga uku?

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Ɗanka ya dace da malami. Abin da kake gani kamar sana'a uku, a wurin masu fannin aiki ɗaya ne, domin wasa ba ya kammala a kan takarda. Sai an kai shi wurin gwaji. A can ne marubuci zai ji ɗalibi ya yi tuntuɓe da wata jimla, ya sake, ya kuma yin tuntuɓe, numfashi na yanke masa a tsakiya. Nan take zai zaro biro ya soke rabinta. Idan kuma yaro ɗan shekara 19 ya kasa zama irin na tsoho, dogon bayani ba ya magani. Malam ne zai miƙe, ya dafa gwiwa, ya sauka kan tabarma a hankali, yaron ya gani da idonsa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba, da wuya ya iya koyar da wannan.

Dubi Wole Soyinka. Bayan karatunsa a Jami'ar Leeds da ke Ingila ya yi aikin tantance rubutattun wasanni a gidan wasa na Royal Court da ke Landan. Da ya dawo gida a 1960 sai ya kafa ƙungiyar 'yan wasa, yana rubutawa, yana tsarawa, yana fitowa. Ya shugabanci sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ibadan, ya zama farfesa a Ife. Lokacin yaƙin basasa an tsare shi wata 22, akasari a kurkukun Kaduna, a 1986 kuma ya karɓi lambar Nobel ta adabi. Ba wanda ya ce fitowa wasa ta rage masa daraja.

Nan kusa ma, a Jami'ar Ahmadu Bello, an fara koyar da fannin a tsakiyar shekarun 1970, aka gina masa gidan wasa da jar ƙasa irin ginin Hausa. Abin da ya fi burge ni da Zariya shi ne malamai da ɗalibai kan fita unguwanni da ƙauyuka, su zauna da jama'a, su ji damuwarsu kan ruwan sha ko taki ko rashin lafiya, sannan a mayar da ita wasa a yi a dandali, a tattauna bayan an tashi.

Sai dai ba zan ɓoye maka wahalar ba. Jami'a ba ta ɗaga mutum zuwa farfesa don tafin 'yan kallo. Galibi sai ya yi digirin digirgir, ya wallafa bincike a mujallun ilimi, ya duba aikin ɗalibai shekara da shekaru. Da rana yana aji, da dare yana wurin gwaji, kuɗin kayan wasa ma wani lokaci daga aljihunsa suke fita. Shi ya sa da yawa kan ajiye dandamali su riƙe alƙalami kaɗai, kuma ina ganin ɗalibai ne ke kwana ciki.

Idan an sa ranar wasansu na ƙarshen zango, ka daure ka je ka kalla, ka kuma tambayi ɗanka wane ɓangare aka ba shi: fitowa, haske, sutura ko rubutu.